Yadda Baƙo Zai Gano Wurin Cin Abinci Mai Kyau da Sauƙin Kuɗi a Birnin Kano

Mutumin da ya sauka a tashar Unguwa Uku ko ta Ƙofar Ruwa da tsakar rana, yunwa na cinsa kuma ba shi da gidan ɗan'uwa da zai nufa, zai ga masu abinci sun fi ƙarfin ƙirga. Ga mai shinkafa da wake a bakin ƙofar tasha, ga mai gurasa da tire a ka, ga rumfar tuwo mai benci biyu, ga kuma gidan abinci mai ƙofar gilashi da allo ɗauke da hotunan soyayyun kaji. A cikin waɗannan akwai inda zai ci ya ƙoshi har ya riƙa kwatanta wa wasu, akwai kuma inda zai biya kuɗinsa ya kwana da murɗawar ciki. Na yi wannan bayani ne domin ɗalibi sabon zuwa, da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, da ɗan kasuwar da ya zo sari Kantin Kwari ko Singa, da mai jinyar da zai yi makonni a bakin asibiti. Ba manyan otal-otal nake nufi ba, ina magana ne a kan wuraren da talaka da mai matsakaicin ƙarfi suke ci kullum da kuɗin aljihunsu. Na ɗauki Kano domin ita na fi sani, amma wanda ya riƙe hanyar zai iya binta a Kaduna ko Sakkwato ko Damagaram.

Mataki na farko: ka san abin da kake so ka ci, ka kuma san lokacinsa

A Kano kowane abinci da sa'arsa, kuma wanda ya nemi abu a lokacin da ba nasa ba, kwantai zai samu ko ɗumame. Daga idar da sallar Asuba zuwa wajen ƙarfe 9 na safe lokacin ƙosai da koko ne, da kunun gyaɗa, da waina da miyar taushe, da shayi da burodi. Mai ƙosan da ta iya hannunta takan tashi kafin rana ta yi zafi, domin ƙullunta ya ƙare. Da hantsi ɗanwake yake fitowa, da dambu da alale. Shinkafa da miya, da dafa-duka, da garau-garau, da taliya da mai da yaji, suna sauka daga kan wuta tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 1, cinikinsu kuma ya kankama da zarar an sallame Azahar. Fura da nono ita ma ta rana ce. Bayan La'asar masu awara ke kafa kasko, masu tsire su hura tukuba. Tuwo ya fi samuwa da zafinsa bayan Magariba, sannan gasasshen kifi da indomi da ƙwai su ɗauka har tsakar dare.

Dalilin da ya sa na fara da wannan shi ne, yawancin ƙananan masu abinci ba su da firji, wanda ke da shi ma ba shi da tabbacin wuta. Sau ɗaya suke girki, su yi ta sayarwa har tukunya ta ƙare, saboda haka abincinsu ya fi daɗi kuma ya fi aminci a sa'o'i biyu na farko bayan saukewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawarar da take bayarwa ke nan: kada dafaffen abinci ya wuce sa'o'i 2 a ajiye haka kawai, sai dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60 ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Salshiyas. A bazarar Kano, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai digiri 40, kuma shinkafar da ta wuni a cikin kula tana iya lalacewa alhali ba ta canza kama ba. Na taɓa cin irin wannan shinkafa gab da Magariba a wata tasha, na yi kwana biyu a kwance, kuma tun daga ranar ban sake sayen shinkafar rana da yamma ba.

Akwai ranakun da tsarin yake sauyawa. Ranar Juma'a masu abinci da yawa suna rufewa ko su tsagaita daga tsakar rana har a sauko daga masallaci. Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar muhalli da safe, ana taƙaita zirga-zirga, don haka ka tanadi karin kumallonka tun dare. A watan azumi kuwa mafi yawan unguwanni ba a hura wutar abincin sayarwa sai bayan La'asar, matafiyi ko mara lafiya da ke buƙatar ci da rana sai ya nufi Sabon Gari ko ya yi tanadi.

Mataki na biyu: ka nufi inda masu aiki suke taruwa

Abinci mai kyau da araha taron masu nema yake bi. Duk inda dubban mutane suke wuni nesa da gidajensu, a nan za ka sami matan da suka shekara goma ko ashirin suna ciyar da mutane iri ɗaya kullum. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa ko Ƙofar Wambai ko kasuwar waya ta Farm Centre yana da mai abincinsa da ke aiko masa da kwano har shago, kuma ranar da miyarta ta yi tsami ko ta fara rage hannu, shi da maƙwabtansa duk za su juya mata baya. Wannan tsoron rasa abokan cinikin kullum shi ne babban mai gadin ingancin abinci, ya fi kowane allo da kowace talla. Haka abin yake a kewayen Sakatariyar Audu Baƙo, da unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa, da harabar Jami'ar Bayero, tsohuwa da sabuwa, da kasuwar hatsi ta Dawanau da ta kayan gwari ta 'Yan Kaba.

A tashoshin mota da bakin manyan asibitoci akwai bambancin da ya kamata baƙo ya lura da shi sosai. Mai abincin da ke bakin ƙofa fasinja take sayar wa, mutumin da zai ci ya hau mota ba zai sake dawowa ba, don haka ko abincin ya ɓata masa ciki ba ta da asara. Ba cewa nake duk na bakin ƙofa haka suke ba, amma babu abin da ke tilasta musu. Ka ratsa zuwa cikin tashar ko bayanta, inda direbobi da 'yan kamasho da makanikai suke zama, ka ga wace rumfa suke cika. A asibiti ma ka lura da inda ma'aikatan jinya da masu gadi suke aikawa a sayo musu.

Sannan kowane ɓangare na birnin da abin da ya fi ƙwarewa a kai. Idan abincin gargajiya kake so, waina da sinasir da alkubus da funkaso, cikin ganuwa za ka shiga, inda da yawan masu yin su a cikin gida suke, sai dai ka ga yara da kwanuka suna shiga wani zaure suna fita. Wajejen Jakara sun yi suna da gurasa, wadda ake gasawa a tanderu a ci da ƙuli da mai da yaji ko a haɗa ta da tsire, Agadasawa kuma da kilishi. Mai son sakwara da miyar agushi, ko amala, ko teba, Sabon Gari zai je, inda Yarabawa da Ibo suka daɗe da kafa gidajen abincinsu. Sai dai wasu wuraren a can suna haɗawa da sayar da giya, wanda ba ya son zama a irin wurin sai ya duba kafin ya shiga. Shawarma da gasasshiyar kaza da sauran kayan zamani sun fi yawa a titin Gidan Zoo da unguwar Nasarawa, kuɗinsu kuma ya fi na rumfa nesa ba kusa ba.

Duk da haka, don abincin kullum kada ka ɗora wa kanka tsallaka gari. Idan kuɗin mota zuwa da dawowa ya kai kuɗin farantin, arahar ta tashi a banza. Ka fara neman abin da ƙafarka za ta kai ka daga masaukinka ko wurin aikinka.

Mataki na uku: ka yi tambaya, amma ka san wanda za ka tambaya

Da ɗan gari akan ci gari, kuma a wannan fanni ɗan garin da ya fi amfani shi ne wanda aikinsa ya hana shi komawa gida cin abincin rana. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a shekarar 2013, adaidaita sahu ta zama abin hawan jama'a, kuma direbobinta sun san lungu da saƙo, sun san inda ake cika faranti. Bayan su akwai mai gadin masaukinka, da tela, da mai wanki da guga, da mai shagon tireda na bakin layi, da mutanen da kuka yi sallah tare a masallacin unguwa.

Yadda ka yi tambayar shi zai ba ka amsar. Idan ka ce, "Ina ake sayar da abinci mai kyau a nan?" mutumin zai dubi rigarka da takalminka, ya kwatanta maka wuri mafi tsada da ya sani, domin yana ganin ya girmama ka. Abin da ya fi shi ne bayan sallama da gaisuwa ka ce, "Malam, don Allah kai a ina kake cin tuwo idan ba ka koma gida ba?" ko kuwa, "Baba, wace ce ta fi iya waina a unguwar nan?" Ka ambaci abincin da sunansa, domin wadda ta ƙware a tuwo da miyar kuka ba lalle ta iya dafa-duka ba, kuma mafi yawan wuraren da suka yi fice abu ɗaya ko biyu kawai suke yi. Ka tambayi mutum uku da ba su san juna ba. Wurin da biyu daga cikinsu suka ambata shi za ka fara gwadawa.

Ka karɓi kwatance da kyau, domin irin waɗannan wurare ba su da lamba, da yawa ma ba su da allo. Da sunan mai abincin aka san su, ko da wata alama: bayan gidan mai, gefen masallacin Juma'a, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, layi na biyu bayan famfo. Ka tambayi lokacin da take saukewa da lokacin da abincin yakan ƙare. Wani zai tura ka wurin yayarsa ko gwaggonsa, wannan ba laifi ba ne, idonka ne zai yanke hukunci idan ka isa.

Mataki na huɗu: wayarka tana da ɗan amfani

Google Maps zai nuna maka gidajen abinci masu allo da rajista, da hanyar zuwa, wani lokaci da sa'o'in buɗewa, amma mafi yawan rumfunan da nake magana a kansu ba sa ciki. Idan za ka karanta ra'ayoyin mutane a wurin, ka dubi kwanan watan da aka rubuta su, domin gidan abinci yakan canza mai girki ya canza ɗanɗano cikin wata guda. Hotunan bidiyo na TikTok da Instagram kuwa da yawansu talla ce da aka biya, kuma farantin da aka shirya wa kyamara ba shi za a kawo maka ba. Abin da ya fi amfani a waya shi ne ka jefa tambaya a zauren WhatsApp na abokan aiki ko na 'yan ajinku.

Mataki na biyar: ka tsaya ka duba kafin ka zauna

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi yunwa take sa mutane su tsallake. Idan ka isa, ka ba kanka minti biyar a gefe, kamar mai jiran wani, ka bar idonka da hancinka su yi aiki.

Ka fara da masu cin. Idan benci a cike yake, wasu na tsaye suna jira, yara na zuwa da kwanukan gida, mai abincin kuma tana kiran mutane da sunayensu tana zuba wa kowa abin da ya saba ba tare da ya faɗa ba, to ka samu wurin da ake komawa. Cikar wuri tana nufin tukunya ba ta daɗewa, kuma abincin da ba ya daɗewa ba ya samun lokacin lalacewa. Wurin da ka tarar wayam a daidai lokacin cin abinci, alhali na kusa da shi a cike, akwai dalili, ko da ba ka gan shi ba.

Daga nan ka dubi abincin. Shin tururi na tashi idan an buɗe? Shin miyar tana kan garwashi ko an sauke ta tun safe? Shin a rufe tukwane da kuloli suke, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke sauka a kan komai? Idan wurin suya ne, ka dubi man da ke cikin kasko: wanda ya yi baƙi ya yi kauri yana kumfa an daɗe ana juya shi, kuma ƙosai ko awarar da ta fito daga ciki za ta yi ɗaci ta tsaya maka a ƙirji.

Sai wurin wanke-wanke, wanda a ganina shi ne yake tona asirin kowane gidan abinci. Mai tsafta takan ajiye baho biyu ko uku, ɗaya na sabulu, sauran na ɗauraya, tana kuma canza ruwan a kai a kai. Idan ka ga baho ɗaya ne da ruwa ya koma ruwan miya, ana tsoma faranti a ciro a zuba wa na gaba, ka wuce, ko da ƙamshin miyar ya kai ƙarshen layi. Haka ruwan wanke hannu: buta ko bokiti mai famfo da sabulu a gefe shi ne daidai, ba kwano ɗaya da mutum goma suka tsoma hannu a ciki ba. Ka lura kuma da hannun mai zubawa, ko da ludayi da mara take aiki, ko kuwa hannun da ya karɓi kuɗi shi ne yake ɗauko nama. A wuraren da suka san abin da suke yi za ka ga mai karɓar kuɗi daban, mai zuba abinci daban.

Ka dubi ƙasa da kewaye. Rumfar da ke bakin buɗaɗɗiyar kwata ko kusa da juji ba za ta rabu da ƙuda ba, komai ƙoƙarin mai ita. Wannan ya fi tsanani da damina, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da kwatoci ke cika suna malala kuma cutar amai da gudawa ta fi yaɗuwa. A irin wannan lokaci ni ina barin ɗanyen ganye gaba ɗaya a waje, wato latas da kabeji da yankakken tumatir da ake barbaɗawa a kan shinkafa, domin wuta ba ta taɓa su ba kuma ban ga ruwan da aka wanke su da shi ba.

Kada tayil da fanka da talabijin su ruɗe ka. Na sha ganin rumfar kwano da aka share tas aka yayyafa ruwa, tukunya na tafasa a gaban kowa, ta fi wani gidan mai gilashi wanda ba ka ganin madafarsa. Dattawa suna yawan tuna zamanin duba-gari, lokacin da jami'in tsafta ke shiga har cikin gida ya leƙa randa. Ma'aikatan lafiyar muhalli suna nan har yanzu, amma masu abinci a birni irin Kano sun fi ƙarfin yawansu, saboda haka dubawar ta koma wuyan mai ci.

Mataki na shida: nama da abin sha suna buƙatar kulawa ta daban

Tsire mai kyau a gabanka yake sauka daga tukuba, yana naso, ƙulin jikinsa bai ƙone ba. Wanda ya kwana yakan bushe ya yi duhu, a lulluɓe shi da mai da yaji mai yawa don a ɓoye. Al'ada ce mai nama ya yanko maka ɗanɗano, ka karɓa ka tauna a hankali kafin ka faɗi na nawa kake so. Ko da ka gamsu, ka ce a mayar maka da shi wuta ya yi zafi sosai, babu mahaucin kirki da zai ji haushin wannan. Ka duba ko ɗanyen nama da gasasshe a kan katako ɗaya suke, ko wuƙa ɗaya ce ke yanka su duka. Balangu ma haka, ka zaɓi yankin da ke kan wuta. Kilishi kuwa ya kasance busasshe ƙarau, babu danshi babu warin tsohon mai. Farfesun kayan ciki da ragadada da kai da ƙafa sai a wurin da aka yaba maka, domin wankinsu aiki ne kuma hanci yana gane wanda aka yi wa ha'inci tun kafin a kai baki. Idan ka ga nama ya yi araha fiye da yadda kasuwa take, ka tuna cewa mahauci ba sadaka ya fito yi ba.

Abin sha ya fi abinci haɗari, domin ba a dafa shi a gabanka. Zoɓo da kunun aya da lamurje duk ruwa ne da ƙanƙara, kuma sau da yawa a cikin robobin da aka tsinto aka wanke ake ɗura su. Kunun aya ba ya jure zafi, cikin 'yan sa'o'i yake tsami. A shekarar 2021 mutane da dama a Kano sun kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami, saboda haka lemon haɗi mai launi da ba ka san mai yin sa ba ka bar shi. Ka sha ruwan roba ko na leda mai lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ka tabbata a rufe yake. Fura kuwa ka sa a dama maka a gabanka, ka ga nonon, ka ga ruwan da za a ƙara.

Mataki na bakwai: zama, oda da biya

Ka yi sallama, ka ce, "Hajiya, sannu da aiki," ko "Mama, ina wuni," sannan ka tambayi abin da ke akwai da farashinsa kafin a zuba. Farashi yana sauyawa da sauri tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, don haka abin da aka gaya maka watan jiya ba hujja ba ne yau. A yawancin rumfuna kai ne za ka faɗi na nawa za a sa maka, tuwo kuma da malmala ake ƙirgawa, nama da kifi da ƙwai kowanne da kuɗinsa daban. Baƙi da yawa a nan suke shan mamaki: sun ce a sa nama ba su faɗi yanka nawa ba, sai lissafi ya ninka. A zuwan farko ka sayi kaɗan, idan ya yi maka ka ƙara. Ba a taya dafaffen abinci kamar yadda ake taya atamfa, amma neman gyaran miya ba abin kunya ba ne.

Ka faɗi buƙatarka tun kafin ludayi ya shiga tukunya. Mai gyambon ciki ya ce kada a sa yaji, mai hawan jini ya nemi a rage mai kuma kada a barbaɗa gishiri da magi a sama, kamar yadda ake yi wa ɗanwake da garau-garau. Wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba ya sani cewa tana cikin tsire da kilishi da gurasa da miyar taushe.

Ka tambaya ko ana karɓar tiransifa kafin ka ci. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 masu abinci da yawa sun buɗe asusu, wasu har da na'urar POS, amma sabis yakan ɗauke, don haka ka riƙe ƙananan kuɗi a aljihu. A kan benci ka yi wa na kusa da kai bismillah, ka ci da dama, idan ka gama ka tashi ka ba wani wuri. Za ka ga almajirai a gefe da robobinsu suna jiran ragowa. Idan Allah ya hore maka, ka sa a zuba wa yaro nasa mai tsafta, ya fi ka miƙa masa abin da ka jagwalgwala.

Mace baƙuwa ko mai tafe da iyali ya sani cewa yawancin rumfunan kasuwa da tasha maza ne ke zama a cikinsu, mata sukan saya su tafi da shi. Wanda ke son zama da matarsa da yara ya tambayi gidan abincin da ke da ɓangaren iyali da wurin sallah da banɗaki mai ruwa, ya kuma leƙa banɗakin, domin yana nuna yadda madafar take.

Mataki na takwas: ka gwada, ka koma, ka zama ɗan gida

Ci ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Ka ba cikinka kwana guda ya ba da shaida, sannan ka koma wata ranar a wani lokaci daban, ka ga ko hannun ɗaya ne. Wasu wuraren suna da kyau ranar da uwar gida take nan, su lalace ranar da ta bar wa yara. Idan sau uku ka je ka tarar da ɗanɗano ɗaya da tsafta ɗaya, ka riƙe wurin. Ka riƙa gaisawa, ka riƙa biya ba tare da jayayya ba, ka yaba idan miya ta yi daɗi, idan kuma wata rana ta kasa ka faɗa mata a hankali ba a gaban mutane ba. Cikin makonni kaɗan za ta san yawan yajin da kake so, ta ajiye maka naka idan ka makara, ta kuma gaya maka gaskiya ranar da abin da ya rage ba na ci ba ne.

Kada ka dogara da wuri ɗaya, domin mai abinci takan yi tafiya, takan yi biki ko rashin lafiya. Ka nemi na safe ɗaya, na rana biyu, na dare ɗaya, duk a kusa da inda kake. Idan za ka riƙa tafiya da abincin zuwa masauki, ka sayi ƙaramar kula ko kwano mai murfi ka riƙa zuwa da shi, maimakon a ɗaure maka tuwo da miya masu zafi a cikin baƙar leda. Ka karɓi lambar wayar mai abincin ko ta yaronta, ka riƙa kira kafin ka fito, ka ji ko an sauke.